Bindiga a ƙugun malami: abin da dokokin Amurka suka tanada da abin da ake jayayya a kai

A ranar 23 ga Afrilun 2024, majalisar wakilan jihar Tennessee da ke Amurka ta amince, da ƙuri'a 68 a kan 28, da dokar da ta bai wa malamai da ma'aikatan makarantun gwamnati damar riƙe ƙaramar bindiga a ɓoye a lokacin aiki. Ana sanar da sakamako sai saman zauren ya kaure da ihun masu zanga-zanga suna cewa jinin yara na hannun 'yan majalisar, har sai da aka sa jami'an tsaro suka fitar da su. Kwana uku bayan haka Gwamna Bill Lee ya rattaba hannu. Abin da ya tayar da maganar shi ne harin da aka kai makarantar Covenant ta birnin Nashville a watan Maris na 2023, inda aka kashe yara uku 'yan shekara tara da manya uku. Wasu daga cikin iyayen yaran wannan makarantar suna cikin waɗanda suka fito suna roƙon kada a yi dokar.

Irin wannan labari kan iso gare mu a dunƙule: "Amurka ta ba malamai bindiga." Hakan ba daidai ba ne. Babu wata dokar tarayya da ta ce haka, babu jihar da ta tilasta wa malami riƙe makami, kuma kalmar "horarren malami" da kowa ke faɗi tana nufin abu daban daga wannan jiha zuwa waccan.

Wa ke da ikon ba da izini?

Sha'anin ilimi a Amurka yana hannun jihohi 50, su kuma sun miƙa gudanarwar yau da kullum ga hukumomin makarantu na yanki, waɗanda yawansu ya kai kimanin 13,000. Galibi mutanen yanki ne ke zaɓen mambobin hukumar. Saboda haka maganar bindiga tana bin matakala uku.

A mataki na tarayya akwai dokar 1990 da ta haramta shiga makaranta da bindiga, har ma da tazarar ƙafa 1,000 daga harabarta. Kotun Ƙoli ta soke ta a 1995, majalisa ta gyara ta sake kafa ta a 1996. Sai dai dokar ta bar ƙofa: ba ta shafi wanda jiharsa ta ba lasisi ba, ko wanda ke aiki cikin wani tsari da makaranta ta amince da shi. Ta wannan ƙofar ce jihohi ke bi. Fiye da rabinsu suna da wata hanya da ma'aikacin makaranta wanda ba ɗan sanda ba zai iya riƙe bindiga. Wasu kuma sun toshe: Kalifoniya ta ƙwace wannan iko daga shugabannin ilimi na yanki a 2017, jihar New York ta haramta a 2019.

A yawancin jihohin da suka yarda, izinin jiha bai isa ba sai hukumar yanki ta ce ta amince. A Tennessee, malamin da ke so sai ya samu sa hannun mutum uku: shugaban makarantarsa, daraktan ilimi na yankin, da shugaban 'yan sandan wurin. Ko ɗaya ya ƙi, magana ta mutu. Shi ya sa ba a daɗe da yin dokar ba manyan hukumomin birane, ciki har da ta Nashville, suka ce su kam ba za su yi amfani da ita ba. Jihar Utah na cikin waɗanda suka fita daban: can duk malamin da ke da lasisin riƙe bindiga a ɓoye zai iya shiga aji da ita, kuma ba dole ba ne ya sanar da shugaban makaranta.

Akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Ɗan sandan makaranta cikakken jami'i ne da aka turo ya zauna a makaranta, da kakinsa da horonsa, kowa ya san shi. Ba a kansa ake wannan jayayya ba. Ana magana ne a kan mai koyar da lissafi, ko shugaban makaranta, ko mai horar da 'yan ƙwallo, ko mai gyaran famfo, wanda aikinsa na asali daban ne, amma aka ɗora masa riƙe makami a ƙarƙashin riga ko a cikin akwatin ƙarfe mai makulli.

"Horarre" awa nawa ke nan?

A nan gizo ke saƙa. A Florida, wanda zai shiga shirin masu gadin makaranta sai ya yi awa 144 na horo a hannun ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan gunduma wanda jama'a ke zaɓa, sannan a gwada lafiyar ƙwaƙwalwarsa, a kuma yi masa gwajin shan miyagun ƙwayoyi. A Dakota ta Kudu awa 80 ne. A Tennessee awa 40, a kuma maimaita kowace shekara. Texas tana da hanya biyu: ɗaya mai awa 80 da gwajin ƙwaƙwalwa ƙarƙashin kulawar jiha, ɗaya kuma wadda hukumar yanki ke tsara sharuɗɗanta da kanta, kuma wannan ta biyun ce ta fi farin jini wurin ƙananan garuruwa.

Labarin Ohio ya fi kowane nuna girman tazarar. Wata hukumar makarantu da ake kira Madison, wadda aka taɓa yin harbi a makarantarta a 2016, ta ba wasu ma'aikata izinin riƙe bindiga bayan horon 'yan kwanaki. Wasu iyaye suka kai ƙara. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin jihar, da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku, ta ce dokar jihar tana buƙatar irin horon da ake bai wa ɗan sanda, wanda ya haura awa 700. Shekara guda bayan haka majalisar jihar ta sauya dokar, Gwamna Mike DeWine ya sa hannu, aka mayar da abin da jiha ke buƙata awa 24, da ƙarin awa takwas duk shekara. Ƙungiyar 'yan sandan jihar ta yi adawa da wannan ragi. Masu goyon baya suka ce ai malami ba ya buƙatar koyon tuƙin motar sintiri ko rubuta rahoton haɗari, abin da yake buƙata kaɗai shi ne yadda zai tare mai harbi.

Ke nan idan mutum biyu suna gardama a kan "horarren malami", mai yiwuwa ɗaya yana nufin wanda ya yi kwana uku a filin koyon harbi, ɗayan kuma yana nufin wanda ya yi kusan wata guda. Kafin a auna hujjar kowa sai an tambaye shi wanne yake nufi.

Yadda aka zo nan

Gyara na biyu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka amince da shi a 1791, ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar makami. Wani ƙiyasi da aka fitar a 2018 ya nuna cewa bindigogin da ke hannun farar hula sun kai miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Tun daga 2020 kuma harsashi ya zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa 'yan shekara ɗaya zuwa 19, kodayake kaso kaɗan ne ƙwarai na waɗannan mace-mace ke faruwa a cikin makaranta. Mafi yawa a gida ne da unguwa.

Harin makarantar Columbine ta jihar Colorado na 1999, inda ɗalibai biyu suka kashe 'yan'uwansu ɗalibai 12 da malami ɗaya, shi ya sauya koyarwar 'yan sanda. Kafin nan ana kewaye gini ne a jira dakaru na musamman. Bayansa aka koma cewa jami'in da ya fara isa ya kutsa ya nufi inda ƙarar harbi take. Amma batun malamai ya samo asali ne daga wani ƙauye a Texas mai suna Harrold, mai ɗalibai ɗari da 'yan kai, wanda ke da tafiyar kimanin rabin awa daga ofishin sharif. A 2007 hukumar makarantar ta ba wasu ma'aikata izini, a lokacin kuwa ana kallon abin a matsayin baƙon al'amari.

Harin makarantar firamare ta Sandy Hook ne ya fito da maganar fili. A ranar 14 ga Disambar 2012 wani matashi ya kashe yara 20 'yan ajin farko na firamare da ma'aikata shida a jihar Connecticut. Bayan mako guda, Wayne LaPierre na ƙungiyar masu rajin mallakar bindiga ta NRA ya faɗi maganar da ta zama taken ɓangarensa: ba abin da ke tsayar da mugu mai bindiga sai mutumin kirki mai bindiga. A shekarar da ta biyo baya Texas da Dakota ta Kudu da Kansas da wasu jihohi suka yi dokoki. Daga nan abin ya zama tamkar al'ada, kowane babban hari sai ya haifar da sababbin dokoki. Bayan kashe mutum 17 a Parkland ta Florida a Fabrairun 2018, Shugaba Donald Trump ya ba da shawarar a ba wani kaso na malamai makami tare da alawus. Bayan harin makarantar garin Uvalde na Texas a 2022, Ohio ta yi nata ragin, Texas kuma a 2023 ta wajabta a samu mai ɗauke da makami a kowace makarantar gwamnati. Bayan harbin garin Perry a Janairun 2024, wanda ya yi sanadin rasuwar shugaban makarantar, Iowa ta yi tata.

Hujjar masu goyon baya: lissafin mintuna

Ƙashin bayan hujjarsu lokaci ne. Hukumar Secret Service, wadda ke gadin shugabannin Amurka, ta yi nazarin hare-hare 41 da aka kai makarantu daga 2008 zuwa 2017. Ta gano cewa mafi yawansu sun ƙare cikin minti biyar ko ƙasa da haka, kuma babu ko ɗaya da 'yan sandan da aka kira daga waje suka kawo ƙarshensa. Ko dai maharin ya daina da kansa, ko wani da ke cikin makarantar ya tare shi. A Parkland maharin ya yi kimanin minti shida ne a cikin ginin. Idan sharif yana da tafiyar rabin awa, zuwansa ihu ne bayan hari.

Suna kuma cewa ko 'yan sandan sun zo, ba tabbas za su shiga. A Parkland ɗan sandan makarantar yana nan da bindigarsa, amma ya tsaya a waje. An gurfanar da shi, kotu ta wanke shi a 2023. A Uvalde jami'ai 376 ne suka taru, aka yi minti 77 kafin a kutsa ajin da maharin yake, aka rasa yara 19 da malamai biyu, alhali wasu yaran na kiran lambar gaggawa daga cikin ajin. Ga mai goyon baya, malamin da ke bayan ƙofar ba shi da zaɓin tsayawa a waje, domin shi ma ransa ake nema. Suna kawo misalin shugabar makarantar Sandy Hook da ta nufi maharin hannu rabbana aka kashe ta, da Aaron Feis, mataimakin mai horar da 'yan wasa a Parkland, wanda ya kare ɗalibai da jikinsa, kuma sunansa aka sa wa shirin Florida. Tambayarsu ita ce, tun da ga shi suna tunkarar mutuwa, me ya sa za a bar su ba komai a hannu?

Wannan hujjar ta ja wasu da ba a zata ba. Sharif Bob Gualtieri, wanda ya shugabanci kwamitin binciken Parkland, da farko ba ya goyon baya. Bayan ya kalli hotunan kyamarorin makarantar, ya ga lokutan da maharin ya tsaya yana sake ɗura harsashi ba wanda zai tare shi, sai ya sauya ra'ayi. Kwamitin ya ba da shawara, a 2019 Florida ta faɗaɗa shirin ya haɗa da malaman aji.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba amma yana tasiri. Albashin ɗan sanda ɗaya na shekara ya fi ƙarfin ƙaramar makarantar karkara, kuma ko da kuɗin, jami'an ba su wadatu ba. Texas da ta wajabta mai makami a kowace makaranta, dala 15,000 ta ware a 2023 wa kowace ɗaya da ƙarin dala 10 a kan kowane ɗalibi, abin da bai kai albashin jami'i ba. Hukumomi da dama sai suka koma ga ma'aikatansu. A Florida abin da ake bai wa mai gadin sa-kai dala 500 ne sau ɗaya. Daga ƙarshe suna cewa ɓoye sunan mai bindigar shi kansa kariya ne: mahari zai iya fara kawar da mai kaki, amma bai san wane malami ke da makami ba. A wasu makarantun Texas har allo ake kafawa a bakin ƙofa mai gargaɗin cewa ma'aikata na ɗauke da makamai.

Hujjar masu adawa: sauran ranakun shekara

Masu adawa suna fara lissafi ne daga wani wuri. Amurka na da makarantu sama da 100,000, kuma mafi yawansu ba za su taɓa ganin irin wannan hari ba. Amma bindigar za ta riƙa zuwa makaranta kimanin kwana 180 a shekara, a cikin cunkoson yara, a wurin raba faɗa, a banɗaki. Haɗarin kowace rana ƙarami ne, sai dai idan aka ninka shi da dubban malamai da ɗaruruwan ranaku ya zama abin dubawa. Kuma ba hasashe suke yi ba. A 2014 bindigar wata malamar firamare a Utah ta tashi a banɗaki ta fasa masai, tarkace suka ji mata rauni. A 2016 wata malama a Pennsylvania ta manta tata a banɗaki yara suka gani. A Maris na 2018 wani malami a Kalifoniya, wanda ma ɗan sandan wucin gadi ne, ya harbi silin bisa kuskure yana cikin koyar da darasin kiyaye makami, wani ɗalibi ya ji rauni. Makonni biyu kafin nan wani malami a Georgia ya kulle kansa a aji ya yi harbi ta taga.

Sai batun iya saiti. Cibiyar bincike ta RAND ta duba bayanan 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, ta ga cewa a lokacin musayar wuta kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsasansu ke samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da harbi ke cikin sana'arsu. Sauran kashi 82 ɗin wani wuri suke zuwa, a makaranta kuwa bayan kowane bango akwai aji. Ƙari a kan haka, malamin yana riƙe da ƙaramar bindiga ne, maharan Parkland da Uvalde da Sandy Hook kuma doguwar bindiga ƙirar AR-15 suka zo da ita, wadda ta sa jami'an Uvalde kansu suka ja da baya.

Akwai tambayar da ƙungiyar 'yan sandan makarantu ta ƙasa ke yi, ita ma tana adawa: idan jami'i ya kutso ya tarar da mutum cikin kayan gida riƙe da bindiga, ta yaya zai san malami ne? A 2021, a garin Arvada na Colorado, wani mutum ya harbe ɗan bindigar da ya kashe ɗan sanda, sai jami'in da ya iso ya ɗauka shi ne maharin ya kashe shi. Ba a makaranta abin ya faru ba, amma shi ne ainihin abin da ake gudu. Haka kuma koyarwar da ake yi wa malami a lokacin hari ita ce ya kulle ƙofa, ya kashe fitila, ya tara yara a kusurwa ya hana su motsi. Idan ya fita farautar mahari, wa ya bar wa yara 25?

Abu mafi nauyi a cikin hujjarsu shi ne wane ne maharin. A makarantun sakandare, galibi ɗalibin makarantar ne ko wanda bai daɗe da barinta ba. A binciken Secret Service, kimanin kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka yi amfani da bindiga daga gidan iyayensu ko na wani ɗan'uwa suka ɗauko ta. Wanda ya kashe mutum huɗu a makarantar Apalachee ta Georgia a Satumbar 2024 shekararsa 14. Ma'ana, abin da ake horar da malami a kai shi ne ya ɗana kunama a kan yaron da wataƙila jiya ya duba masa jinga, kuma ya yi hakan ba tare da jinkirin daƙiƙa ɗaya ba. Masu ba da horon kansu ba sa ɓoye wannan, suna gaya wa mahalarta tun ranar farko su tambayi zuciyarsu ko za su iya.

Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙen fata suna ƙara nasu. Alƙaluman ma'aikatar ilimi sun daɗe suna nuna cewa an fi hukunta ɗalibai baƙaƙe fiye da farare a kan laifi iri ɗaya, saboda haka suna tsoron ranar da malami mai makami zai ce ya ji barazana daga ɗalibi. Malamai baƙaƙe kuma suna tuna Philando Castile, ma'aikacin ɗakin cin abinci na wata makaranta a Minnesota, mai lasisin bindiga, wanda ɗan sanda ya harbe a motarsa a 2016 jim kaɗan bayan ya sanar da shi cewa yana ɗauke da makami.

Me bincike ya nuna?

Cibiyar RAND, wadda ke bitar nazarce-nazarcen dokokin bindiga, ta ce ba ta samu wani bincike mai inganci da ya auna tasirin ba ma'aikatan makaranta makami ba, ko ta fuskar amfani ko ta illa. Dalilin a fili yake: manyan hare-hare ba su da yawan da za a yi musu lissafi mai ƙarfi, shirye-shiryen sababbi ne, sunayen mahalarta kuma sirri ne. Don haka kowane ɓangare da misalai yake yaƙi.

Misalan ma kowa da yadda yake karanta su. A 1997, a garin Pearl na Mississippi, mataimakin shugaban makaranta Joel Myrick ya ruga motarsa ya ɗauko bindiga ya tsare ɗalibin da ya kashe ɗalibai biyu a makarantar. Masu goyon baya suna cewa da tana ƙugunsa da ya tare shi tun da wuri. Masu adawa suna cewa sojan ko-ta-kwana ne, ba malami gama-gari ba, kuma yaron yana kan hanyar fita ne. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya duba hare-hare 133 daga 1980 zuwa 2019, ya ga mace-mace sun fi yawa, kusan ninki uku, a makarantun da ke da mai gadi ɗauke da makami. Masu adawa na yawan kawo shi. Amma bai tabbatar da cewa mai gadin ne sanadi ba, tun da makarantun da suka fi fuskantar barazana su ne suka fi ɗaukar masu gadi. Abin da marubutan suka jawo hankali a kai shi ne cewa da yawan maharan sun zo ne da niyyar mutuwa, wanda kuwa ya zo neman mutuwa allon gargaɗi ba zai kore shi ba. Wannan ya raunana hujjar tsoratarwa, bai taɓa hujjar mintuna ba. A Apalachee kuwa 'yan sandan makaranta ne suka tare yaron cikin ɗan lokaci ya miƙa wuya, abin da kowane ɓangare ya ɗauka a matsayin shaida gare shi.

Ra'ayin malaman ya fi fitowa sarari. A binciken cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Gallup na 2018 kashi 73 cikin 100 sun ƙi. A na RAND da aka yi a 2022, kashi 54 sun ce makaranta za ta ƙara zama wuri mai haɗari, kashi 20 sun ce za ta fi aminci. Manyan ƙungiyoyin malamai biyu, NEA da AFT, suna adawa. Sai dai a wannan binciken na RAND kashi 19 sun ce za su so su riƙe bindiga idan an ba su dama, wato kimanin malamai 550,000, kuma sun fi yawa a cikin maza da mazauna karkara. Tsiraru ne, amma shirin dama tsiraru yake nema.

Mai yanke hukuncin da ba a zaɓa ba

A wurare da dama ba majalisa ce ta yanke maganar ba, kamfanin inshora ne. Da Kansas ta yi dokarta a 2013, kamfanin EMC, wanda ke riƙe da inshorar mafi yawan makarantun jihar, ya ce ba zai yi wa duk hukumar da ta ba ma'aikata makami inshora ba. Dokar ta zauna a takarda. A Iowa, hukumomin Spirit Lake da Cherokee sun amince da shirin, har an horar da ma'aikata, amma a 2023 suka janye saboda wannan dalili. Kamfanin inshora ba ruwansa da gyara na biyu ko zanga-zanga, lissafinsa kawai yawan diyyar da zai biya. Martanin 'yan majalisar Iowa a 2024 shi ne su ba ma'aikaci da hukumarsa kariya daga ƙarar neman diyya idan an yi amfani da ƙarfi daidai kima. Tennessee ma ta kare hukumomi daga irin wannan ƙara. Ga iyaye, fassarar wannan ita ce idan harsashin ma'aikaci ya sami ɗansu, hanyar kotu ta ƙuntata.

Gwamnatin tarayya kuwa, a dokar da jam'iyyun biyu suka haɗu suka yi a Yunin 2022 bayan Uvalde, ta hana amfani da kuɗin tallafin ilimi na tarayya wajen sayen makami ko horar da ma'aikata a kansa, ta karkata kuɗi zuwa kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai. Wasu jihohi sun bi ta hanyar dokar adana bindiga a gida da dokar ƙwace makami na ɗan lokaci daga wanda kotu ta ga yana da haɗari. Masu gabatar da ƙara ma sun fara bin iyaye: a 2024 an ɗaure uwa da uban yaron da ya yi harbi a makarantar Oxford ta Michigan saboda sakacin da suka yi da bindigar da suka saya masa.

A rayuwar yau da kullum, uba a Tennessee ba shi da ikon sanin ko malamar 'yarsa na ɗauke da bindiga, domin doka ta mayar da sunayen sirri, har ga sauran malamai. Ba zai iya neman a sauya mata aji a kan abin da bai sani ba. Malamin da ya shiga shirin, a wurare da dama da bindigarsa ta kansa yake zuwa, sai ya sauya irin suturar da yake sawa, ya kula da yadda yake sunkuyawa kan teburin yaro da yadda yake shiga tsakanin masu faɗa. Tazarar birni da ƙauye kuma tana ƙara faɗi: birane na da 'yan sandan makaranta, ƙauyuka na da malamai masu makami.

Ina Najeriya a wannan magana?

Duk lokacin da aka sace ɗalibai a Arewa, ana samun masu cewa a ba malamai ko masu gadi bindiga, wasu har su kafa hujja da Amurka. Matsalolin biyu ba iri ɗaya ba ne. Can mahari ɗaya ne, galibi ɗalibi, da rana, ya zo kisa, cikin mintuna an gama. A Chibok a 2014, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, gungun mutane ne masu yawa ɗauke da bindigogin yaƙi, sau da yawa cikin dare a makarantun kwana, sun zo kwashe ɗaruruwan yara su shiga daji da su. Lissafin da ke cewa mutum ɗaya mai ƙaramar bindiga zai iya tsayar da mahari ɗaya bai shafi wannan yanayin ba. Ga shi kuma 'yan bindigar daji suna neman makami ido rufe, saboda haka makarantar da aka san akwai bindiga a cikinta ta ƙara abin da za a zo nema.

Ƙasar da ta fi kama da namu hali ita ce Pakistan. Bayan 'yan Taliban sun kashe mutum sama da 140, mafi yawansu yara, a makarantar sojoji ta Peshawar a Disambar 2014, lardin Khyber Pakhtunkhwa ya bar malamai su riƙe makami, har aka koya wa wasu harbi. A Janairun 2016 aka kai hari jami'ar Bacha Khan. Wani malamin kimiyyar sinadarai, Syed Hamid Husain, ya fito da ƙaramar bindigarsa ya yi musayar wuta da maharan, ɗalibansa suka ce hakan ya ba su damar tserewa. An kashe shi tare da mutum kimanin 20.

Ta fuskar doka ma hanyar ba a buɗe take ba. A Najeriya lasisin bindiga yana hannun tarayya, wato Shugaban Ƙasa da Sufeto Janar na 'yan sanda, gwargwadon nau'in makamin. Da gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta ce a Yunin 2022 mutane su nemi lasisi don kare kansu, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin.